Dokin da ke rawa ba da bulala ba

A gidan Carl Hester, can Ingila, horon doki ba sukuwa ba ne. Idan muka zura ido, mahayi kamar bai motsa ba: ɗan matsin ƙafa, ɗan sassauta linzami, sai doki ya yi ta takawa wuri guda kamar mai rawa. Aikin shekaru ne.

Nan aka hori Valegro, da Hester ya saya wajen fam 4.000. Da shi Charlotte Dujardin ta ci zinariya a wasannin Olamfik na 2012 da 2016. Amma a 2024 an dakatar da ita shekara guda, bayan an ga bidiyonta tana zane wani doki da bulala.

Ƴan kasuwa, kun fi mu sani: haƙuri ke tara jari, gaggawa ke ɓarar da shi.