Kwalba Mai Zafi da Akwatin da Ba Ya Nan

[Kiɗan buɗe shiri, sa'an nan a sassauta shi]



Dattawan cikinku ba za su manta da akwatin rediyon nan na da ba, wanda in an murɗa makunninsa ba ya cewa uffan sai an yi masa haƙuri, har 'yan kwalaben da ke cikinsa su yi ja kamar garwashi, sa'an nan murya ta taso sannu a hankali kamar ta mai tahowa daga nesa. Waɗannan kwalabe, da Ingilawa ke kira bawul, aikinsu shi ne su karɓi 'yar wutar lantarki mai rauni su mayar da ita mai ƙarfi. Wani Ba'amurke, Lee de Forest, shi ya fito da irin mai wannan aiki a 1906, ta yi zamaninta, har aka ƙago taransisto a 1947, wanda, da yake ƙarami ne, ba ya zafi, ba ya fashewa, ga kuma araha, bai ɗauki wani dogon lokaci ba ya kori kwalba daga rediyo da talabijin da kwamfuta. Amma akwai wata jama'a da ta ƙi mubaya'a ga sabon sarki har yau, watau makaɗan jita mai lantarki, kuma a kan wata mas'ala tasu za mu yi zamanmu na yau.

Hujjarsu ba ta son zuciya ba ce kaɗai. Ɗabi'ar kwalba ce, idan aka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, ba ta datse sautin kamar an sa wuƙa, sai ta danne shi a hankali, ta ƙara masa kauri da gurnani, har zare ɗaya da aka taɓa ya daɗe yana kuka bai mutu ba. Wannan aibi, wanda injiniyoyin farko suka yi ta ƙoƙarin kawarwa, shi makaɗa suka mayar ado. A kan amfilifaya mai kwalba, watau na'urar da ke ƙara wa jita ƙarfin murya, Leo Fender ya yi suna a Kalifoniya, a kanta kuma Jim Marshall, wani mai shagon kayan kiɗa a unguwar Hanwell ta birnin Landan, ya kwaikwayi amfilifayar Fender mai suna Bassman ya fito da tasa a 1962, ya haɗa ta da akwati mai lasifika 4 na kamfanin Celestion, kowace faɗinta inci 12. Kafin 1965 ta ƙare kuwa makaɗa irin su Pete Townshend sun matsa masa lamba har ya yi mai ƙarfin wat 100.

To, ga inda gizo ke saƙa. Wannan zaƙi ba ya fitowa cikakke sai an murɗa amfilifaya kusan ƙarshe, alhali lasifikar jita mai kyau, wat 1 tak in aka ba ta, tana iya kai desibel 100 a ma'aunin ƙara ga wanda ke tsaye mita 1 daga gabanta, wat 100 kuwa ya kai wajen 120, ga shi masana lafiyar kunne sun yi ittifaƙi cewa daɗewa cikin ƙarar da ta haura 85 yana cutarwa. Kada kuma wani ya ce ai sai a sayi ƙarama, domin kunnen ɗan Adam ba ya lissafi irin na ɗan kasuwa: sai an rage wuta zuwa kashi 1 cikin 10 kafin ya ji ƙara ta ragu da rabi, don haka mai wat 10 ma ta isa ta haɗa mutum da maƙwabtansa gaban mai unguwa.

Mai hankali zai ce, to, a cire akwatin lasifikar mana, a ɗauki sautin kai tsaye daga amfilifaya zuwa na'urar ɗaukar murya. Wannan shawara tana da illa biyu, ɗaya ta kunne, ɗaya ta dukiya. Ku saurari ta kunnen tukuna.

[A saka sautin jita da aka ɗauko kai tsaye, ba akwati, na 'yan daƙiƙu]

Kun ji wannan zuga, kamar an taɓo gidan zanzaro? Amfilifaya ce mai tsada, makaɗin kuma gwani ne, abin da aka rasa akwati ne kawai. Wanda ya taɓa riƙe kuntigi irin na marigayi Ɗan Maraya Jos ya san zaren shi kaɗai ba kome ba ne, gwangwanin kifin nan da fatar da aka ɗaura masa su ke ba shi muryar da aka san shi da ita, kamar yadda ƙwarya ke yi wa goge. Haka lasifikar jita take: an yi ta ne da takarda mai kauri, ba ta iya bin sautin da ke kaɗawa fiye da wajen sau 5,000 a daƙiƙa, sai ta zubar da shi, wannan kasawa tata kuwa ita ce rariyar da ke tace tsakuwar da kuka ji ɗazu. Katakon akwatin, da girmansa, da ko bayansa a rufe yake ko a buɗe, da irin makirfon da aka kafa a gabansa, ko Shure SM57 ne wanda ake ta amfani da shi tun 1965 ko waninsa, da ko an saita shi a tsakiyar lasifikar ko an gusar da shi gefe da faɗin yatsa biyu, duk suna da rabo a cikin muryar. Har na kai ga ganin cewa wanda ya ce rabin muryar jita a akwati take bai yi zuzutawa ba.

Illa ta biyu ita ce wadda nake roƙonku ku riƙe ko da kun manta sauran. A ƙarshen amfilifaya mai kwalba akwai wata taransifoma, wadda ke karɓar wuta mai bolt 400 ko 500 daga kwalabe ta sauko da ita daidai abin da lasifika ke iya ɗauka. To, idan aka kaɗa jita alhali ba a jona lasifika ba, ƙarfin da ya taru a cikin naɗin wayarta, da ya rasa inda zai sauke kayansa, sai ya juyo baya da tsananin gaske, ya huda rufin wayar ko ya yi tartsatsi a gindin kwalabe. Na taɓa ganin haka da idona a wani ɗakin ɗaukar sauti, inda wani saurayi ya zare wayar akwati don ya matsar da shi, abokinsa kuwa bai sani ba ya ci gaba da kaɗawa yana mamakin shirun. Ba a ji fashewar kome ba, sai wani ɗan ƙauri kamar na robar da ta taɓa murhu, da muka leƙa bayan na'urar kuwa aikin gama ya gama. Saboda haka aka ƙago wani akwati dabam, wanda ni nake kiransa ɗan dako, domin ba shi da aiki sai ya karɓi kayan da lasifika za ta ɗauka ya mayar da shi zafi, ba tare da ya yi ƙara ba. In muka ari harshen malaman fiƙihu, ɗan dako sharaɗin inganci ne, in babu shi aikin ya ɓaci daga tushe, kwaikwayon muryar akwati kuwa sharaɗin kamala ne.

'Yan dakon ma iri biyu ne. Na farko, irin Power Soak da Tom Scholz na ƙungiyar Boston ya fitar wajen 1980, tsayayye ne, nauyin da yake nuna wa amfilifaya ɗaya ne a kowane sauti. Lasifikar gaskiya kuwa ba haka take ba: ko da an rubuta om 8 a bayanta, nauyin nan yakan yi tsalle a wajen kaɗawa 100 a daƙiƙa, ya sauko, sa'an nan ya riƙa hawa yayin da sauti ke ƙara siranta, amfilifaya mai kwalba kuwa tana jin wannan hawa da sauka tana amsa masa, kamar yadda mai jan guga ke jin nauyin ruwa a igiya. Shi ya sa na zamanin nan ake sa musu naɗin waya da wasu sassa don su kwaikwayi wannan hali, makaɗa kuma sukan ce sun fi jin su a yatsa.

Kwaikwayon muryar akwati da farko da matatun lantarki zalla aka yi shi, kamar Red Box na Hughes & Kettner da na kamfanin Palmer, dukansu daga Jamus a ƙarshen shekarun 1980; sun yi amfani, amma kamar hoton da aka zana da gawayi suke, an gane mutumin, ba a ga ƙwayar idonsa ba. Red Box ɗin nan ma, a lura, ba ya dako, dole a bar lasifika a jone.

Abin da ya sauya al'amarin lissafi ne. Ku ƙaddara mutum ya shiga babban soro ya tafa hannu sau ɗaya: amsar da soron ya mayar masa tana ɗauke da siffar ɗakin gaba ɗaya, tsawonsa da faɗinsa da irin ginin bangonsa. Masana suka tabbatar cewa duk wanda ya mallaki wannan amsa guda, yana iya lissafa yadda kowace murya za ta fita a wannan soro, domin murya, a wurin kwamfuta, jerin ƙananan tafi ne dubbai a kowace daƙiƙa, sai a ba kowane tafi amsarsa gwargwadon ƙarfinsa, a tara su. Masu sana'ar suna kiran wannan amsa da haruffa biyu, IR, ni kuwa sawu zan kira ta, tun da abin da akwati ya taka ya bari ne. A aikace ba tafi ake yi ba. Wani malamin jami'ar Parma ta Italiya, Angelo Farina, ya bayyana a shekarar 2000 hanyar da ta yaɗu, watau a busa wa lasifika wani fito mai tasowa daga mafi kaurin sauti zuwa mafi siranta, a ɗauka da makirfo, kwamfuta ta cire fiton ta bar sawun. Fayil ɗin da ke fita ɗan mitsitsi ne: na'urori da yawa suna wadatuwa da ɗigo 1,024, wanda bai wuce kashi 21 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Akwatin da ya haura kilo 35, wanda sai ƙarti biyu ke hawa da shi bene, ga shi ya koma abin da ake aikawa ta wayar salula. Kamfanin Two Notes na kudancin Faransa ya haɗa ɗan dako da wannan lissafi cikin na'urorinsa na Torpedo, Celestion da kansa ya fara sayar da sawun lasifikunsa a 2017, Universal Audio na Amurka kuma ya fito da tasa na'urar, OX, a 2018.

[A sake saka sautin ɗazu, wannan karon ta cikin sawun akwati]

Kiɗa ɗaya ne, ba a sake kaɗawa ba. Yanzu fa sai saɓanin da ke tsakanin makaɗa, wasu na cewa ba su jin bambanci, wasu na rantsuwa cewa abin ba shi da rai. Ni kuwa a nawa ganin duka ɓangarorin gaskiya suka faɗa, tambayar ce ba ɗaya suke amsawa ba. Sawu riwaya ce, ba muna haɗa kiɗa da ilmin malamai ba ne, aron kalma muka yi, mai riwayar kuwa makirfo ne da aka manna a bakin lasifika, adali ne, ba ya ƙari ba ya ragi, amma abin da ya ji daga inda aka tsayar da shi kaɗai yake iya faɗi. Wanda bai taɓa sanin jita ba sai a faifai da rediyo, dama can riwayar makirfo yake ji tun fil azal, don haka ba abin da ya rasa. Makaɗin da ya saba tsayawa gaban akwati kuwa, ƙara na dukan ƙirjinsa, ƙafar wandonsa na rawa, sauti na dawowa daga bango ya sake girgiza zaren jitar har ta yi ta kuka da kanta, shi ganau ne, ba za a gamsar da shi da labari ba. Akwai kuma wani gibi na haƙiƙa: lissafin sawu ya ginu ne bisa ƙaddarawar cewa lasifika halinta ɗaya ko an yi mata a hankali ko da ƙarfi, alhali takardarta takan lanƙwashe in an matsa mata, wayarta ta yi zafi ta ja baya, wannan shi masu OX suka ce sun yi ƙoƙarin cikewa da wani lissafi na dabam, ko da yake ni dai, in an cuɗa jita da ganguna da murya, ba kasafai kunnena ke kama gibin ba.

Wanda zai shiga wannan hanya ya yi ihtiyaɗi da abubuwa kaɗan. Lambar om ta ɗan dako ta dace da ta amfilifaya, 8 da 8, 16 da 16. Wayar da za ta haɗa su ta zama mai kauri irin ta lasifika, domin siririyar wayar jita tana iya narkewa ta bar taransifoma ba kaya. Ya kuma sani amfilifayar da aka rubuta wa wat 100 takan wuce haka nesa in an ƙure ta. Amma abin da ya fi yaudarar mutane shi ne shirun kansa. A da ƙara ce ke tsawata wa makaɗi ya sassauta, yanzu kuwa yana zaune tsakar dare da abin sauraro a kunne, yara na barci a ɗakin kusa, ya manta cewa kwalaben nan na aiki iyakar ƙarfinsu sa'a bayan sa'a, suna tsufa da wuri, ga shi masana'antun da suka rage suna yin su ƙalilan ne, a Saratov ta Rasha da Silobakiya da ƙasar Sin, har a 2022, da yaƙin Yukiren ya ɓarke, farashinsu ya yi tashin gwauron zabi. In ya kai hannu bisa murfin ɗan dakon zai ji shi da zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu, 'yar fankar cikinsa na juyi, ita kaɗai ake ji a ɗakin.

A nan za mu dasa aya, jama'a. 

[Kiɗan rufe shiri]