Yadda ake haɗa akwatin ɗumama ɗaki da zafin rana

A ƙasashen da sanyi ke tsanani, kuɗin ɗumama gida na cikin manyan nauyin da ke kan magidanci. Sai dai akwai wuraren da Allah Ya haɗa musu sanyi mai ratsa ƙashi da rana mai haske a lokaci guda. Garin Leh da ke yankin Ladakh a arewacin Indiya yana kan tudu mai tsawon kusan mita 3,500, sanyi na daskarar da ruwa, amma sararin sama garau yake a mafi yawan kwanaki. Haka yankin Pine Ridge na jihar Dakota ta Kudu a Amurka, inda Henry Red Cloud, ɗan ƙabilar Lakota, ya kafa masana'antar ƙera akwatunan ɗumama iska domin gidajen mutanensa. Irin waɗannan wurare ne wannan fasaha ta fi karɓa.

Abin ba sabo ba ne. Tun 1881 wani masani ɗan Amurka, Edward Morse, ya yi rajistar wata na'ura da ake liƙawa a bangon gida, baƙin dutse ne a bayan gilashi. A 1967 kuma aka gina gida a Odeillo ta ƙasar Faransa bisa tsarin Félix Trombe, inda bangon kansa ne ke shan zafin.

Duk wanda ya taɓa buɗe motar da ta wuni a rana da gilasanta a rufe ya riga ya san rabin bayanin. Haske na ratsa gilashi, ya faɗa kan abu baƙi, ya zama zafi, gilashin kuma ya hana iskar da ta ɗumama tserewa. Ɗaya rabin shi ne iska mai zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba, don haka sama take yi. Idan aka yi wa akwatin ƙofa biyu da ke buɗewa cikin ɗaki, ɗaya ƙasa ɗaya sama, iskar ɗakin mai sanyi za ta shiga ta ƙasa, ta bi jikin baƙin ƙarfe, ta komo ta sama da ɗumi. Ba wuta, ba hayaƙi.

Kafinta zai haɗa akwatin katako mai tsawon mita 2, faɗin mita 1, zurfin kamar santimita 15. A shimfiɗa abin da ke tare zafi a bayansa da gefunansa, kamar audugar gilashi. A guji farin soson nan da ake naɗe firji da talabijin da shi, domin cikin akwatin kan yi zafin da zai lanƙwasa shi. Sai a kafa kwanon rufi da aka shafa wa baƙin fenti marar ƙyalli, irin mai jure zafi, a bar sarari gabansa da bayansa yadda iska za ta wuce. Wasu kan huda gwangwanayen lemo sama da ƙasa, su jera su kamar bututu, su fente su. Yana aiki, amma wahalarsa ta fi ribarsa, kwano ko baƙar ragar taga ninki biyu ko uku sun wadatar. A ƙarshe a rufe fuskar da gilashi, a toshe duk wata kafa. A bar akwatin ya sha rana kwanaki a waje kafin a haɗa shi da ɗaki, har warin fenti ya fita.

Ina zai fuskanta? A duk ƙasar da ke arewa da tsakiyar duniya, rana kan karkata kudu a lokacin sanyi, saboda haka bangon kudu ake nema, wanda inuwar bishiya ko katanga ba ta rufe shi. A Dakota ranar Disamba ƙasa-ƙasa take, shi ya sa akwatin da ke tsaye a jikin bango ke samun rabonsa. A Agadas kuwa da tsakar rana tana kaiwa kusan digiri 50 a sama, gara a ɗan kishingiɗar da shi.

Lissafin mai sauƙi ne. Idan gari ya yi garau, hasken da ke sauka kan murabba'in mita ɗaya mai fuskantar rana ya kai kusan wat 1,000. Akwatin gida da aka haɗa da kyau zai iya kama kusan rabi, wato na mita 2 ya yi daidai da ƙaramar hitar lantarki ta 'yan sa'o'i. Ƙaramar fankar kwamfuta mai bolt 12 da aka jona wa ɗan faifan sola tana ƙara masa ƙarfi, kuma da kanta za ta tsaya idan rana ta faɗi.

A nan ne ya kamata mai karatu ya natsu. Wannan akwati ba ya ba da ɗumi da dare, alhali sanyin hunturu da dare da asuba ya fi cizo. Kwamitin masallacin da ya kafa shi don sallar asuba zai ji kunya, sai in ginin na riƙe zafi. Bangon laka mai kauri kan sha ɗumin rana ya riƙa sakinsa a hankali bayan magariba, ɗakin kwano zalla kuwa kafin isha ya huce. Ƙurar hunturu ma na rage hasken, sai an riƙa goge gilashin.

Har ila yau, da dare aikin kan juya: akwatin ya yi sanyi, ya riƙa zuba iska mai sanyi cikin ɗaki ta ƙofar ƙasa. Maganinsa a rufe ƙofofin biyu da yamma, ko a rataya 'yar leda marar nauyi a bakin ta sama ta cikin ɗaki, wadda iska mai zafi za ta ture, ta koma ta manne idan iskar ta juya.

Duk da haka, ɗakin da ya tara ɗumi da rana bai cika buƙatar kaskon gawayi da dare ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Garwashi a rufaffen ɗaki na fitar da guba marar launi marar wari, mutum na barci ta ɗauke shi. Idan zafi ya dawo, a rufe gilashin da tabarma, ko a karkatar da ƙofar sama zuwa akwati mai raga, a busar da tumatir da kuɓewa ba tare da ƙura ko ƙuda ba.