Abin Lura Kafin a Sayi Sandunan Golf Masu Rangwame

Wasan golf, wanda ya samo asali daga ƙasar Sikotilan, ya daɗe da samun gindin zama a Nijeriya, domin kuwa akwai filayensa a Jos da Kaduna da Kano da Ikko da Abuja. Sai dai kusan dukkan sandunan da ake buga shi da su daga ƙasashen waje ake shigo da su, kuma da dala ake yi musu kuɗi. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, ma'aikacin da ke sha'awar shiga wasan ba shi da wata dabara da ta wuce neman mai rangwame ko kuwa gwanjo. To, amma rangwame iri-iri ne, kuma wajibi ne mai saye ya fara sanin dalilin da ya sa aka karya farashin kafin ya kwance bakin aljihunsa.

Rangwamen da ya fi aminci shi ne na kayan bara. Manyan kamfanoni irin su Callaway da TaylorMade sukan fito da sabon samfuri kusan kowace shekara, sa'an nan 'yan kasuwa su rage kuɗin na baya don su sami wurin ajiye sabo. Alhali kuwa bambancin da ke tsakanin na bara da na bana bai taka kara ya karya ba, saboda hukumomi biyu da ke tsara dokokin wasan, watau R&A ta Biritaniya da USGA ta Amurka, sun riga sun yi wa masu ƙira iyaka. A 1998 hukumar Amurka ta ƙayyade ƙarfin da fuskar sanda za ta iya cilla ƙwallo da shi, a 2004 kuma aka ƙayyade girman kan babbar sandar bugun farko. Saboda haka sandar shekara biyu ko uku da suka wuce tana iya biyan bukatar ɗan koyo sarai.

Rangwame mai haɗari shi ne na jabu. A 2004 kamfanonin da ke ƙera kayan golf a Amurka suka kafa ƙungiya musamman don yaƙi da masu kwaikwayon kayansu, kuma ƙungiyar ta ƙiyasta cewa ana ƙera jabun sanduna kimanin miliyan 2 a kowace shekara, akasari a ƙasar Sin. Irin waɗannan sukan yi kyau a hoto, amma nauyinsu ba daidai yake ba, kuma kan yana iya tsinkewa a tsakiyar bugu ya ji wa na kusa rauni. Alamominsu sun haɗa da fenti mai kauri, da rubutu a karkace, da mariƙi mai warin roba. Kan babbar sanda da aka ce na titaniyam ne, idan mayen ƙarfe ya manne a fuskarsa, to, akwai lauje cikin naɗi. Haka nan sabuwar sanda ta bana da aka yi wa rabin kuɗi a intanet abar tuhuma ce.

Wanda ya zaɓi gwanjo kuwa, abu uku zai duba. Na farko tsagogin da ke fuskar sandunan ƙarfe, musamman gajerun da ake fid da ƙwallo daga yashi da su, don su ne ke saurin cinyewa, kuma in sun shafe ƙwallo ba ya tsayawa inda aka nufa. Na biyu ƙota, kada ta kasance da lanƙwasa ko tsatsa ko tsagewa kusa da wuya. Na uku mariƙi, wanda ko da ya yi santsi ba abin damuwa ba ne ƙwarai, tun da ana sake shi, sai dai a cire kuɗin sakewar daga farashi.

Bugu da ƙari, sandar kirki ma tana iya zama asara idan ba ta dace da mai ita ba. Akan rubuta harafi a jikin ƙota don nuna taurinta: L da A su ne masu laushi, R matsakaiciya, S da X kuwa na masu ƙarfin bugu ne. Dattijon da ya sayi X don ya same ta da araha zai sha wuya wajen ɗaga ƙwallo sama. Bahago kuma sai ya tabbata na hagu aka ba shi.

Dokar wasan ta hana ɗan wasa ɗaukar sanda fiye da 14 a jakarsa, dokar da Amurka ta soma aiki da ita a 1938, Biritaniya ta bi a 1939. Amma ba ta tilasta wa kowa cika wannan adadi ba. Sanda 7 ko 8 sun ishi ɗan koyo har hannunsa ya faɗa, daga baya ya riƙa ƙarawa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya fi dacewa shi ne mai saye ya tafi da ƙwararren mai koyarwa na kulob ɗinsa, ya gwada sandar a fili, ya kuma nemi rasiɗi da alkawarin mayarwa idan aibi ya bayyana. Wanda ya yi odar kaya daga waje ya haɗa da kuɗin dako da na kwastan a lissafinsa, domin sau da yawa su ke cinye rangwamen. Ɗan kasuwar da ya ƙi yarda a gwada kayansa, ya riga ya ba mai saye amsa. Hausawa dai sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida.