Dakta Kotnis: fim ɗin Indiya da labarinsa ya faru da gaske

Tambayi masoya fim ɗin Indiya a nan Abuja, ko a Sabon Ibadan da Agege, nan take za su lissafo maka Mother India da Sholay. Da wuya ka ji an ambaci Dr. Kotnis Ki Amar Kahani na 1946.

A 1938, ana tsaka da yaƙin Japan da Sin, Indiya ta tura wa Sin likitoci biyar. Huɗu sun koma gida. Dwarkanath Kotnis, ɗan garin Solapur, shi ya zauna, yana bin sojoji bakin daga yana yi wa masu rauni tiyata, ga ƙarancin magani. Can ya auri wata ma'aikaciyar jinya 'yar ƙasar, suka haifi ɗa namiji. Farfaɗiya ce ta yi ajalinsa a Disamban 1942, yana ɗan shekara 32.

V. Shantaram ne ya ba da umarni, shi kuma ya fito a matsayin Kotnis ɗin. E, akwai waƙoƙi, Indiya ce fa. Amma duk wanda ya tuna ungozomomin Red Cross biyu da aka sace a Rann, aka kashe su a 2018, zai kalli fim ɗin nan yana tuna Borno.