An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: 'Ya'yan Gata da Neman Aiki a Idon Jama'a

Da wuya a yi wata guda ba a samu wanda jama'a suka yi wa ca a kafafen sada zumunta ba. Cikin waɗanda abin ya fi faɗa wa a 'yan shekarun nan akwai matashi ko matashiya mai tarin mabiya a Facebook ko TikTok ko X, ɗan gidan da aka san sunansa, wanda ya gama jami'a, sau da yawa a ƙasar waje, ya saka hotonsa da rigar yaye ɗalibai, ya rubuta cewa shi ma ya shiga sahun masu neman aiki. Wani lokaci ba a rufa mako ba sai ya dawo da albishir cewa an ɗauke shi a wata babbar ma'aikata, ya haɗa da yi wa tsararrakinsa nasiha cewa su dage. Daga nan sai zagi ya ɓarke. Wannan ya ce ai mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya, wancan ya tono sunan mahaifin da muƙaman da ya riƙe, wani kuma ya wuce gona da iri ya shiga mutuncin uwa da 'ya.

Masu rubuta waɗannan kalamai 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, da yawansu kuma a bayanmu suke sallah. Wanda ya bi ta Ƙofar Na'isa bayan Isha'i zai gan su a majalisu gefen mai shayi, kowa ya sunkuya a kan wayarsa. A cikinsu akwai wanda ya yi shekara huɗu ko biyar yana bin wannan titi zuwa Jami'ar Bayero, ya fito da sakamako mai kyau, ya yi bautar ƙasa, ya dawo ɗakin da ya bari a gidan mahaifinsa. Yau yana tuƙa Adaidaita Sahun wani, ko yana zaman rumfar cire kuɗi, kwalin digirin kuma yana ƙasan akwatin mahaifiyarsa. Idan irin wannan ya ga tsaransa ya samu cikin kwana bakwai abin da shi ya yi shekara bakwai yana nema, aka kuma ɗora masa da wa'azin dagewa, abin da zai ji a ƙirjinsa ba ya buƙatar tafsiri.

Amsar da ta fi sauƙi a kan mumbari ita ce a ce hassada ce, a kawo hanin da ya zo a kanta, a sauka. Amma ruwa ba ya tsami banza. Ranar Asabar 15 ga Maris, 2014, Hukumar Shige da Fice ta tara masu neman aiki a filayen wasa na jihohi domin jarrabawa. Fiye da mutum rabin miliyan ne suka nema, kowanne ya biya naira 1,000, alhali guraben ba su kai 5,000 ba. A turmutsutsun da aka yi a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin aƙalla mutum 15 suka rasu. Shekara biyu bayan haka, a Maris na 2016, jaridu suka wallafa sunayen mutum 91 da aka ce 'ya'ya ne da dangin manyan ƙasa, waɗanda Babban Bankin Najeriya ya ɗauka ba tare da an tallata guraben ba. Bankin ya kare kansa da cewa ya samu sahalewar Hukumar Raba Daidai ta Tarayya, wadda aka kafa a 1996 domin kowace jiha ta samu kasonta a ayyukan gwamnati. A Agustan 2023 kuma, a gaban kwamitin Majalisar Wakilai da Yusuf Adamu Gagdi ya jagoranta, wani tsohon jami'in wannan hukuma ya amsa cewa ya karɓi miliyoyin naira a hannun masu neman aiki. Ya ce shugabar hukumar yake kai wa, ita kuma ta musanta. Matashin da ya tashi yana jin waɗannan labarai, idan ya zargi alfarma, ba mafarki ya yi ba.

Inda gizo yake saƙar shi ne wa ake jifa. A Janairun 2020, Hanan, 'yar marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, wadda ba ta daɗe da kammala digiri mai daraja ta ɗaya a fannin ɗaukar hoto a Jami'ar Ravensbourne ta Landan ba, ta sauka a Bauchi cikin jirgin fadar shugaban ƙasa domin ɗaukar hotunan hawan daba da masarautar ta shirya. Kakakin shugaban, Malam Garba Shehu, ya ce tsarin da aka saba ya ba iyalan shugaban ƙasa damar amfani da jiragen. Tambayar da ta dace a fili take: da kuɗin wa aka sha wa jirgin mai, wa kuma ya ba da izini? Wasu sun yi ta, kuma sun kyauta. Da yawa kuwa sun bar tambayar sun koma kan yarinyar, wadda ba ita ke riƙe da alƙalamin sa hannu ba.

Malamanmu na zaure da ke karantar da Muwaɗɗa ta Imamu Malik a cikin birnin nan sun san labarin da ya buɗe babin ƙiradi. Abdullahi da Ubaidullahi, 'ya'yan Sayyidina Umar (RA), sun fita cikin runduna zuwa Iraƙi. A hanyar dawowa suka biya ta wurin Abu Musa Al-Ash'ari, gwamnan Basra a lokacin. Ya so ya yi musu alheri, sai ya ɗauko wasu kuɗin baitulmali da yake nufin aikawa Madina ya ba su rance, su sari haja a Iraƙi su sayar a Madina, su miƙa uwar kuɗi ga Halifa, riba ta zama tasu. Suka yi hakan, suka kuma ci riba. Da suka kawo kuɗin, Umar ya tambaye su ko duk rundunar aka ba irin wannan rance. Suka ce a'a. Sai ya ce ashe don suna 'ya'yan Sarkin Muminai aka ba su, ya umarce su da su miƙa uwar kuɗin da ribar gaba ɗaya. Abdullahi ya yi shiru. Ubaidullahi ya yi jayayya, ya ce da kuɗin sun salwanta ai su za su biya. Daga ƙarshe wani na zaune a wurin ya ba da shawarar a mayar da shi ƙiradi, baitulmali ya ɗauki uwar kuɗi da rabin riba, su kuma suka raba rabin.

Abin lura, ko sisin kwabo bai ɓata ba daga dukiyar jama'a, yaran kuma sun iya cinikin, don da ba su iya ba da ba a ga riba ba. Duk wannan bai hana Umar tambayarsa ba, domin abin da ya dame shi ƙofar da aka buɗe wa biyu aka rufe wa sauran sojoji. Ita ce tambayar da matasanmu ke ƙoƙarin yi, zafin zuciya ya mayar musu da ita ashar. Sannan a dubi wanda ya tayar da maganar: uban ne da kansa, mai riƙe da iko. Bai kira 'ya'yansa ɓarayi ba, ya saurari hujjar wanda ya yi musu, hukuncin kuma a kan kuɗin ya sauka.

Wajibi ne mu raba ni'ima da amana. Attajirin da ya biya wa ɗansa karatu a Ingila ko Masar da halaliyarsa, ya dawo ya ɗora shi a kan shagunansa na Kantin Kwari ko Singa, babu wanda yake binsa bashi. Mai fatan wannan ya gushe, shi ne mahassadi, sai ya nemi magani tun ciwon bai cinye shi ba. Gurbin aiki a ma'aikatar gwamnati kuwa na jama'a ne, ɗan mai gyaran takalmi yana da haƙƙi a cikinsa daidai da ɗan minista. Ibnu Taimiyya ya gina littafinsa Assiyasatush Shar'iyya a kan ayar amana ta Suratun Nisa'i, aya ta 58 da mai bi mata, ya kuma ƙirga tsallake wanda ya fi cancanta saboda zumunta ko abota ko ƙabila ko cin hanci cikin ha'intar Allah da ManzonSa da muminai. Kano ma ba yau ta fara jin wannan ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, da ya ga son muƙami da abin duniya ya fara shiga jama'ar jihadi, ya bar su da niyyar tafiya Hajji, mutanen Kano suka tsayar da shi, a nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkam kan yadda ake riƙon jama'a.

Neman aiki a bainar jama'a ba abin kunya ba ne, haka ma sa baki. Annabi Yusuf (AS) ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, ya ambaci tsaronsa da saninsa. 'Yar dattijon Madyana ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa (AS) aiki, ta kafa hujja da ƙarfinsa da amanarsa. A duka biyun abin da aka gabatar siffar ma'aikaci ce, ba a ce ɗan wane ba. Abu Zarri kuma, duk da matsayinsa, da ya nemi muƙami Manzon Allah (SAW) ya hana shi, ya sanar da shi yana da rauni, abin kuma amana ne, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Kusanci bai ba shi abin da bai dace da shi ba.

Ga 'ya'yan gata muna da magana, kuma da ƙauna muke yin ta. Bukhari da Muslim sun kawo labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo ya ware wani kaso ya ce kyauta aka ba shi. Manzon Allah (SAW) ya nuna cewa da ya zauna a gidan iyayensa sai a ga ko kyautar za ta same shi. Ma'aunin yana aiki har gobe: a cire sunan mahaifi daga takarda, a cire lambobin wayar da ke hannun kawu, a ga ko za a kira mutum ganawa cikin mako guda. Idan ba za a kira ba, to shiru da godiya ga Allah sun fi hawa bidiyo a koya wa mayunwaci haƙuri. Kunnen Bakano yana jin "na isa" a cikin sunan ƙofar nan tamu, kuma ma'anar kalmar ce ta hallaka Ƙaruna, lokacin da ya jingina dukiyarsa ga iliminsa a Suratul Ƙasasi. Mai mabiya dubbai da ya ɓoye tsanin da ya taka, ya ce tsalle ya yi, ya yaudari duk yaron da zai zargi kansa da kasawa.

Shi kuma mai tsokaci, shari'a ba ta ɗinke masa baki ba. Aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ta keɓe wanda aka zalunta daga hanin bayyana mummunar magana, Imamun Nawawi kuma a Riyadus Salihina ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum yake halatta, ciki har da kai kuka kan zalunci da neman taimako don kawar da ɓarna. Sai dai wannan izini na wanda ya san abin da yake faɗa ne. Hoton takardar kama aiki da ke yawo a WhatsApp, wanda ba a san wa ya ƙirƙira shi ba, yana ƙarƙashin umarnin bincike na Suratul Hujurati. Mafi muni shi ne abin da ake yi wa mata. Da zarar budurwa ta samu aiki mai tsoka sai wani ya rubuta cewa an san da me ta biya. Wannan ƙazafi ne, bulala 80 ce a kansa a Suratun Nur idan babu shaidu huɗu, kuma rubuta shi da yatsa ƙarƙashin sunan bogi bai canza masa suna ba. Wanda ya danna alamar dariya ya tura wa wasu ya ɗauki nasa kason.

A duniya ma akwai farashi, kuma ɗan talaka ne yake biya. A Nuwamban 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse kan wani rubutu da ya yi a Twitter game da matar shugaban ƙasa, aka tsare shi, aka gurfanar da shi a Abuja, sai a farkon Disamba aka janye ƙarar bayan jama'a sun yi ca. Ba mu ga adalci a yadda aka yi da shi ba, amma iyaye su sani irin wannan kamu ba kowane yaro ne ƙasa za ta tsaya masa ba.

Jakin da aka bari yana nan a cikin gidajenmu. Akwai uban da zai sayar da fili ya saya wa ɗansa gurbi, ya zo masallaci ya ce a taya shi godiya. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito tsinuwa a kan mai bayar da rashawa da mai karɓa. Wasu malamai sun yi rangwame ga wanda aka danne wa tabbataccen haƙƙinsa, babu hanyar karɓo shi sai ya biya, amma gurbin da mutum dubu ke takara a kansa bai zama haƙƙin kowa ba tukuna. Mu limamai ma ana zuwa mana da takardun yara a ce mu sa baki wurin wani babba da ke sahun gaba. Iyakar abin da ya halatta mu faɗa shi ne abin da muka sani na hali da ƙwazon yaron, a kuma bar shi ya shiga jarrabawa tare da kowa.

Tun 2011 akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikatar tarayya ya nemi bayani, ta kuma wajabta amsa cikin kwana 7. Majalisa ɗaya ta masu digiri shida a Ƙofar Na'isa tana iya rubuta wa wata hukuma ta tambayi mutum nawa ta ɗauka daga Jihar Kano a bara, daga waɗanne ƙananan hukumomi, kuma a wace jarida aka tallata guraben. Idan aikin na jiha ne, ga Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Kano. Kuɗin datar da ake ƙonawa a daren zagi ɗaya ya isa a buga takardar, a kuma biya kuɗin motar wanda zai kai ta.