Shin Ko Kun San? Yawan Ƙwayar Cuta Ba Shi Ne Tsananin Ciwon Yaro Ba

Shin ko kun san ana iya ƙiyasta yawan ƙwayar cutar da ke cikin majinar jariri? Tsinke mai auduga ake zura masa a hanci, a lakato majina, a kai wa na'urar PCR. Ita kuma ta yi ta ninka ƙwayar halittar cutar, zagaye bayan zagaye, har ta bayyana. Lissafin a juye yake: in ta fito a zagaye na 20, ƙwayar ta yi yawa; in sai an kai na 35, 'yar kaɗan ce. Tazarar zagaye 10 ninki ne kusan 1,000.

Ko kun san ƙwayar cutar da ta fi kwantar da jarirai a asibiti da sarƙewar numfashi ita ce RSV? A jikin birai aka fara gano ta a 1956, shekara ta zagayo Robert Chanock ya same ta a jikin jarirai a birnin Baltimore na Amurka. Ƙiyasin da mujallar Lancet ta buga ya nuna a 2019 ta yi ajalin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 100,000, kusan dukkansu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Binciken PERCH da aka yi a ƙasashe 7, har da Mali da Gambiya, ya ɗora mata alhakin kusan kashi ɗaya cikin uku na limoniya mai tsanani.

To, kowa zai ɗauka ƙwaya mai yawa ita ce ciwo mai tsanani. Haka John DeVincenzo da abokan aikinsa suka gani a Memphis a 2005. Amma a 2019 likitocin Columbus, jihar Ohio, suka zo da akasin haka: jariran da aka duba aka sallama gida sun fi waɗanda aka ba gado yawan ƙwayar a hanci.

Ina aka haihu a ragaya? Da farko, lokaci. Ƙwayar takan cika tun kwanakin farko, lokacin da uwa ke cewa ai 'yar mura ce. Kafin numfashi ya sarƙe a garzaya asibiti ta fara ja baya. Sannan hanci aka auna, alhali rigimar tana can cikin huhu, inda garkuwar jiki ke kumbura ƙananan hanyoyin iska, majina ta toshe su. Bakwaini, ɗan ƙasa da wata shida, ko mai ciwon zuciya, kumburi kaɗan ya ishe shi wahala. Ni dai ina ganin an kambama lambar nan ta yawan ƙwaya fiye da ƙima.

Korona ma ta ba da mamaki. A 2020, a wani asibitin yara na Chicago, an samu ƙananan yara ɗauke da ƙwayar halittar cutar a hanci ninki 10 zuwa 100 na manya, ciwonsu kuwa bai taka kara ya karya ba.

Ko kun san awon da Hukumar Lafiya ta Duniya ke koyarwa ba ya buƙatar na'ura? A ɗaga wa yaro riga yana natse, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. In ya kai sau 60 ga ɗan ƙasa da wata biyu, 50 daga wata biyu zuwa shekara, 40 daga shekara zuwa biyar, numfashi ya yi sauri. In ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk ya ja iska, ko ya kasa kama nono, asibiti za a nufa a lokacin, ko da tsakar dare ne.