Tura Jirgi Da Tayar Da Inji: Mintocin Da Dukiya Ke Rataye A Kan Magana

Fasinjan da ya zauna a kujerarsa a filin jirgin sama na Murtala Muhammed da ke Legas, ko na Malam Aminu Kano, ba kasafai yake lura da mutumin da ke tsaye kusa da tayar gaba ta jirgin, sanye da na'urar magana a kunnuwansa ba. Amma a 'yan mintocin da ake tura jirgi baya ana tayar da injunansa, rayukan ma'aikata da dukiya ta miliyoyin daloli suna rataye ne a kan abin da wannan mutum da matuƙi suke faɗa wa juna.

Dalili kuwa shi ne, manyan jiragen fasinja ba sa ja da baya da kansu, kuma matuƙi ba ya ganin abin da ke bayansa ko ƙarƙashinsa. Saboda haka ake ɗaura wa tayar gaba sandar ƙarfe, wata mota mai ƙarfi ta tura jirgin, wanda nauyinsa kan kai kusan tan 400 idan samfurin Boeing 747-400 ne cike da kaya. Jami'in ƙasa, wanda ke haɗa wayarsa da jikin jirgin, shi ne idon matuƙi.

Maganar tana da tsari, ba a yin ta da ka. Da farko jami'in zai tabbatar an rufe ƙofofi, an kuma saka ƙusar da ke raba tayar gaba da sitiyarin matuƙi, domin kada ƙarfin sitiyarin ya karya sandar. Matuƙi zai nemi izini daga hasumiya, ya kunna jar fitilar gargaɗi, sa'an nan ya saki birki ya sanar. Idan jami'in ya ce bayan inji da gabansa babu kowa, sai a tayar da injunan ɗaya bayan ɗaya, da iskar da ƙaramin injin da ke wutsiyar jirgin yake turowa. Matuƙi na duba zafi da gudun inji, jami'in kuma na duba hayaƙi ko wuta ko yoyon mai. Bayan an tsaya an danne birki, sai a cire sandar, jami'in ya koma gefe ya ɗaga ƙusar nan sama don matuƙi ya gani. Kafin wannan alama, jirgi ba ya motsawa. Idan waya ta lalace, akan koma ga alamun hannu da Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wato ICAO, ta tsara.

Saɓa wa wannan tsari yana da tsada. A watan Disamba na 2015, a filin jirgin sama na Mumbai da ke Indiya, injin wani jirgi ya zuƙe ma'aikaci ya hallaka shi, bayan jirgin ya motsa alhali ma'aikatan ƙasa ba su gama janyewa ba. Ko da ba a rasa rai ba, fiffiken da ya gogi wani jirgi ko sandar da ta karye takan jawo soke tafiya, da kuɗin gyara, da masaukin fasinjoji, da ƙarin kuɗin inshora. A shekarar 2022, Ƙungiyar Kamfanonin Jiragen Sama ta Duniya, IATA, ta yi ƙiyasin cewa hasarar da ake yi ta lalacewar jirage a ƙasa za ta iya kusantar dala biliyan 10 a shekara nan da 2035, muddin ba a ɗauki mataki ba.

A Nijeriya, kamfanoni irin su NAHCO, wanda aka kafa a 1979, da SAHCO ne suke gudanar da akasarin wannan aiki bisa kwangila da kamfanonin jirage. Ga mai zuba jari a harkar, abin dubawa bai tsaya ga yawan motocin turawa ba. Horar da ma'aikata, da ingancin wayoyin magana, da bin ƙa'ida ɗaya ko da lokaci ya ƙure, musamman a lokacin jigilar alhazai, su ne suke raba riba da hasara. Ɗan kasuwar da kayansa ke cikin jirgi kuwa, jinkirin minti biyu don a tabbatar da magana ya fi masa sauƙi a kan kwana biyu yana jiran wani jirgin.